Wardin Holan

Masu hali na Nairobi sun daina yin bikin 'ya'yansu a Nairobi. Sai su kwaso motoci su gangaro mana Naivasha, su kama fili a bakin tafki, su kafa tanti, su ce wai iska suke so. Iskar nan kullum muke shaƙarta, ba mu ga abin da ta ƙara mana ba. Ni dai ba ni da ta cewa, don da su nake cin abinci. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina rataya yadi ina jera fure a wuraren biki, kuma daga kasuwa har unguwar Karagita duk wanda ka tambaya ina Nyaguthii mai kwalliyar tanti zai nuna maka shagona.

Na ga iyayen amare kala-kala, amma Maman Njambi ita ce ta ƙure ni. Ranar da ta fara zuwa shagon ko zama ba ta yi ba. Ta kalli kujerar, ta kalli farin siket ɗinta, ta rungume jakarta a ƙirji kamar wadda ta shiga tashar mota. Mijinta yana da shagunan kayan gini, ita kuma aikinta ta tuna wa mutane hakan. Da Turanci ta fara yi mini magana, na ba ta amsa da yarenmu, don daga yadda take jan harshe na san ƙauyensu bai fi tafiyar awa ɗaya daga namu ba.

Buƙatunta biyu ne. Ta farko, furen wardi fari, mai yawa, amma kada in kuskura in kawo mata na Naivasha. Ta ce ta san su, su ne waɗanda ake tallansu a bakin titi ana tura wa mutum ta tagar mota. Ita ta riga ta yi magana da wata ƙawarta da ke zaune a Turai, za a sayo mata a Holan a ɗoro a jirgi. Na ce mata gonakin da ke bayan shagon nan su ne suke cika jirage kowace rana. Ta taɓe baki ta ce shi ya sa ake bar muku na banzan.

Ta biyu kuma sai da ta shimfiɗa takarda a kan teburina. Ta zana tantin, ta zana teburin manya inda ango da amarya da iyaye za su zauna, sannan ta ɗora farcenta a wata kusurwa kusa da wurin masu raba abinci. Nan za a sa teburi na goma sha biyu, na dangin ango da suka fito daga Karagita. Tsakaninsa da teburin manya tana son farin yadi ya sauko daga rufin tanti har ƙasa, mai ninki-ninki, wai don ya zama bangon hoto.

Na ce, “To ita uwar ango fa? Ai wurinta teburin manya.”

Ta ce akwai wani kawun yaron da ke koyarwa a jami'a, shi da matarsa za su zauna a madadin gidan. Uwar kuwa, in ji ta, za ta fi sakewa cikin 'yan'uwanta, mutanen gona ba su saba da masu hoto ba, takura musu za a yi. Na tambaya ko angon ya sani.

“Maza me suka sani a kan labule?” in ji ta.

Abin da ban gaya mata ba shi ne na san uwar angon fiye da yadda na san wasu 'yan gidanmu. Sunanta Bosibori. Kafin in buɗe shago, shekara shida na yi a ɗakin ɗaurin fure na wata gona, kafaɗata da tata a teburi ɗaya. Ita ta koya mini yadda ake jera fure ashirin kawunansu su yi daidai, a zage ƙaya, a datse gindi, a ɗaure da roba. Lokacin da nake da cikin fari ina jiri saboda sanyin wurin, ita ce take cika mini rabona ba tare da mai duba aiki ya gane ba. Mijinta ya rasu ɗansu Ombati, angon nan, yana firamare, kuma da yatsun nan nata da ƙaya da ruwan sanyi suka farfasa ta kai shi har ya zama injiniya a Nairobi. Shi kaɗai gare ta a duniya. Yanzu shekararta goma sha tara a tsaye a wuri ɗaya.

Duk da haka ranar Alhamis na hau tsani na rataya labulen. Ba zan yi wa kaina kwalliya ba, kwaɗayi ne. Maman Njambi ta ambaci ƙawayenta huɗu masu 'yan mata a gida, ni kuma na daɗe ina son sunana ya hau Nairobi. Na ma yi masa aiki na gani na faɗa: ninki ƙanana a sama, manya a ƙasa, fil bai fito ko ɗaya ba. Da na sauko na je na tsaya inda teburi na goma sha biyu zai zauna, na duba. Ba a ganin komai sai farin yadi da bayan tukwanen masu abinci. Kunya ta kama ni, amma ban cire shi ba.

Furen Holan ya iso ranar Juma'a da azahar, a bayan buɗaɗɗiyar mota, rana na dukansa tun daga filin jirgi. Direban ma ya tsaya a hanya ya ci nama, na ga maiƙon a gemunsa. Kwali talatin ne. Maman Njambi ta tara masu kafa kujeru su zo su ga abin da idonsu bai taɓa gani ba, ta sa aka yanka na farko.

Suka gani kuwa. Kowane fure ya karya wuya kamar kajin da ciwo ya shiga akurkinsu, gefen ganyen ya fara yin ruwan ƙasa. Aka buɗe na biyu, aka buɗe na biyar, duk kanwar ja ce. Ta dinga zagaya kwalayen tana kiran ƙawar tata a waya, wayar na ta ƙara ba a ɗauka. Na ce mata kafin ta gama shan shayi zan iya kawo mata sabon yanka daga ƙofar gona. Ta ce in daina yi mata maganar kayan bakin titi, ta riga ta gaya wa kowa daga ina furen 'yarta zai zo.

Na ɗauki dami ɗaya na zare ledar da aka naɗe shi da ita, mai rubutun mutanen can. A ƙasa, jikin robar ɗauri, akwai wata 'yar takarda da ba ta kai farcen babban yatsa ba. A gonakinmu kowace mai ɗauri tana da lamba, tana kuma maƙala ta a duk damin da ya bar hannunta, don in Bature ya yi ƙorafi a can a san wadda za a kira ofis a nan. Tawa hamsin da biyu ce. Wadda ke hannuna arba'in da bakwai ce, kuma ko babu ita na san ɗaurin: roba zagaye uku, sannan a soke bakinta ta ƙasa. Na duba wani damin, na duba wani. Akwai lambobin wasu matan, amma rabin kayan na arba'in da bakwai ne. Furen ya tashi daga bayan shagona, ya je Holan ya sha sanyi, an canza masa riga, ya dawo gida a gajiye.

Sai da na shiga bayan mota na yi dariyata ta ishe ni. Sannan na kira Bosibori. Gaskiya ne aikin ya fi ƙarfin hannuna ni kaɗai, kuma babu wanda ya kai ta iya tada furen da ya suma. Amma har da son ta ga lambarta. Na zaci Maman Njambi za ta tafi otal ta huta, ban yi tunanin za ta kafa kujera ta zauna gadin kwalayenta ba.

Bosibori ta zo a kan babur kai tsaye daga gona, don hutun da aka ba ta sai ranar bikin zai fara. Tana sanye da koren rigar aiki da dogon takalmin roba, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali har gira. Ta ga surukarta a zaune, ta rage tafiya, ta rusuna ta gaishe ta. Sau biyu suka taɓa zama a falo ɗaya, ranar tambaya da ranar kai kayan aure, har sun ci abinci a faranti iri ɗaya. Maman Njambi ta ɗago ta kalli takalmin, ta kalli rigar, idonta bai kai fuskar ba.

“Ke ce mai gyaran? To yi maza. Ki bi su a hankali, ba irin naku ba ne.”

Bosibori ta dube ni. Na buɗe baki, ta girgiza mini kai kaɗan. Ta nemi bokitai da ruwan ɗumi da sukari da tsofaffin jaridu. Dami na farko da ta ɗauka ta ga 'yar takardar. Ta tsaya kamar na numfashi biyu, ta cire ta, ta jefa a aljihu, ta ci gaba. Tana datse gindin a karkace cikin ruwa, tana ɓare ganyen da ya ƙone, tana naɗe kawunan tamau a jarida don wuyan ya miƙe, ni da 'yan matan shagona muna bin bayanta.

Maman Njambi kuwa da ta ga fure ya fara ɗaga kai sai bakinta ya buɗe. Irinsu ba sa iya zama shiru kusa da mai aiki, sai sun ba shi labarin girmansu. Ta ba mu labarin rigar amarya, da kek mai hawa biyar, da manyan da za su zo. Daga nan ta nuna labulen da haɓa, ta ce wa Bosibori ta ga dabara? Ta ce yaron ba shi da laifi, yana da ilimi, amma uwarsa irinku ce, 'yar gona, hannu kamar bawon rogo. Ba za a sa wannan a hoton da za a rataye a falo shekara hamsin ba. A can baya za ta ci abincinta cikin rufin asiri, kowa ya huta.

Almakashin da ke hannun Bosibori ya zame ya yanke ta a babban yatsa. Shekara shida ina gefenta ban taɓa ganin ta yanke ba. Maman Njambi ta zabura, ba don yatsan ba, don kada jini ya taɓa farin fure. Ta zazzage jaka ta ciro filasta, irin ta yara, ruwan hoda mai zanen 'yan beraye, ta jikarta ce. Ta miƙa da bakin yatsu biyu. Bosibori ta karɓa ta ce ta gode, ta naɗa, ta koma kan bokitinta.

Wajen la'asar sakaliya uwar amarya ta tafi gyaran gashi. Bosibori ta goge hannu, ta taka har kusurwar, ta tsaya a bayan labulen inda na tsaya jiya. Ta shafa yadin, ta ɗaga kai ta bi ninkin da kallo.

“Ke kika rataya shi, Nyaguthii?”

Na ce ni ce.

“Ya yi kyau. Hannunki bai mutu ba.”

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na jawo tsani na ce yanzu zan sauke shi, kuma zan kira Ombati. Ta riƙe ƙafar tsanin ta ce kada in soma. Yaron yana son yarinyar, yarinyar ma tana da kirki, ba za a ce uwarsa ce ta kawo rigima ana gobe ɗaurin aure ba. Ita ba teburin manya ne ya dame ta ba, ba ta ma iya cin abinci da wuƙa ba. Ta juya ta kalli bokitan da aka jera a inuwa. Ta ce shekara goma sha tara tana ɗaure furannin nan a tsuke, a tsuke suke barin hannunta, ba ta taɓa ganin yadda suke in sun isa inda za su ba.

“Na so in gan su a buɗe a kan tebur, shi kuma yana zaune a tsakiyarsu. Amma ba komai, za ku nuna mini a hoto.”

Ta hau babur ta tafi.

Da sassafe ranar Asabar furen ya tashi tsaf. Ruwan ɗumin da tafiyar da suka sha sun sa kowanne ya buɗe har ciki, faɗin tafin hannu. Na jera su a tebura, na zagaye teburin manya da su. Sannan na hau tsani. Ban sauke labulen ba, tunda na yi alkawari. Tsaga shi na yi daga tsakiya, na tattare kowane ɓari na ɗaure shi da igiya a jikin sandar tanti, ya zama kamar ƙofar shiga ɗakin amarya. Na bi bakinsa da wardi mafi kyau da ke cikin kayan, na jawo teburi na goma sha biyu gaba har ya shigo ƙarƙashinsa. Duk tantin babu inda ya kai nan ɗaukar ido.

Maman Njambi ta biyo ta duba kafin a tafi coci, da hula a kanta kamar faifai. Ta tsaya cak. Ta tambayi wanda ya ba ni izinin taɓa mata labule, ta ce in hau in mayar da shi yanzu tana tsaye. Na ɗauko wani gwangwanin man shanu da na tara 'yan takardun nan a ciki, na zazzage mata su a kan farin tebur. Na yi mata bayanin lambobin dalla-dalla, na faɗi sunan gonar, na nuna mata rufinta da ake hangowa daga inda muke tsaye.

Ta ce ƙarya nake. Na ce ta ɗauki ɗaya ta tambayi duk wata mace a garin nan.

“Matan da za su zauna a teburin can duk sun san lambobin juna, Maman Njambi. In kika rufe su a baya ba su da abin yi sai hira, kuma masu raba abinci suna da kunne. Kafin a yanka kek labari ya kai teburin ƙawayenki. In suna fili kuwa, bakinsu na cike da shinkafa, suna kallon amarya.”

Ta yi wuƙi-wuƙi, ta waiga ko akwai mai jinmu. Ta ce in sani daga yau ko bikin kare ba zan yi wa wani nata ba. Na ce na ji. Ta tattara takardun da hannunta, ta tura a jaka, ta zuge. Har ta juya sai ta tambaya wace ce arba'in da bakwai ɗin da ta fi yawa. Na ce za ta gan ta.

Da aka dawo daga coci mutanen Karagita suka shigo da waƙa suka zauna a ƙarƙashin furen. Bosibori na tsakiyarsu cikin shuɗiyar riga da ɗaurin kai, ta yi kyau abinta. Mai hoto ya ga wurin ya manta da teburin manya, har amarya ta jawo mijinta suka je suka durƙusa a gefen tsohuwar aka ɗauke su. Ƙawayen nan huɗu ma sai da suka bi layi, suna riƙe ciki suna murmushi.

Dole uwar amarya ta je ta gaida surukarta a gaban jama'a. Ta tafi da fara'ar da ta tanada, ta miƙa hannu biyu tana cewa surukata, surukata, yaushe rabo. Bosibori ta miƙe ta ba ta hannu. A babban yatsan akwai filasta ruwan hoda mai zanen 'yan beraye. Maman Njambi ta kalli yatsan, sannan, karo na farko tun jiya, ta kalli fuskar.

“Na gode da filastar nan, surukata,” in ji Bosibori. “Ta riƙe sosai.”

Ban taɓa ganin hoda ta kasa rufe fuska irin ranar ba. Da aka ba uwar amarya abin magana ta yi jawabi, ta gode wa Allah, ta gode wa mai kek, ta gode wa direbobi, har ruwan sama da bai sauko ba ta gode masa. Holan dai ba ta fito daga bakinta ba. Wata ƙawarta ta ɗaga murya ta ce ta faɗa wa mutane daga ina furen ya zo mana, sai tari ya sarƙe ta, aka miƙa mata ruwa.

Sunana bai hau Nairobi ba, har yau bikin malaman makaranta da 'yan kasuwar garinmu nake yi. Amma ana cikin rawa na zagaya ta kusurwar don in gyara wata igiya, na tarar Bosibori ba ta taɓa abincinta ba. Ta jawo fure ɗaya daga tulun da ke gabanta, tana shafa cikinsa da yatsan nan mai filasta.

“Ashe haka suke yi,” ta ce mini.

Ta mayar da shi cikin ruwa, ta gyara zama. Daga inda take ana ganin teburin manya sarai, Ombati na zaune a tsakiyar farin wardi yana ɗago mata hannu.